Fitsari na ɗigo mini in na yi tari, ƙawata ta ce in je wurin kine

Assalamu alaikum Goggo. Ni matar aure ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, shekarata 31, haihuwata huɗu. Autana watansa tara. Ya zo da girma, na daɗe ina naƙuda, sai da aka yi mini ƙari kafin ya fito. Tun daga nan in na yi tari ko atishawa ko dariya, ko na ɗaga jarkar ruwa, sai fitsari ya ɗigo mini. Da yamma kuma ina jin nauyi a ƙasana kamar wani abu zai faɗo. Na sha maganin sanyi kala-kala, na zauna a ruwan bagaruwa, na sayi kayan matsi, duk a banza. Yanzu na rage shan ruwa, na daina zuwa Islamiyya da gidan biki, alwala ma ta zame mini wahala. Maigida bai sani ba, kauce masa nake yi. Wata ƙawata mai aikin asibiti ta ce in je wurin kine, wato mai gashin ƙashi da tsoka na asibiti, ni kuwa a sanina kine na masu karaya ne da masu shanyewar ɓarin jiki. Tsorona kada a ce yoyon fitsari ne. Ki ba ni shawara don Allah.

Wata baiwar Allah, Garwa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raya miki auta, ya ba ki lafiya. Bari in fara da abin da ke hana ki barci.

Yoyon fitsari da muke tsoro huda ce da doguwar naƙuda ke yi tsakanin mafitsara da gaban mace. Mai ita fitsari ba ya neman izini: yana zuba dare da rana, tana zaune, tana kwance, tana barci, ta farka ta tarar shimfiɗa ta jiƙe. Ke kuwa kin ce sai kin yi tari ko dariya ko kin ɗaga nauyi, wato mafitsararki tana riƙe fitsari, ƙofar ce ke kasa tsayawa idan an danno ta daga sama. Wannan wata matsala ce daban, kuma ta fi wancan sauƙi nesa ba kusa ba. Amma fa wasiƙa ba ta duba mutum. Tun da kin yi doguwar naƙuda, ki bari likitan mata ko ungozoma su duba ki su cire miki wannan shakkar gaba ɗaya. Ko da a ce hudar ce, aiki ake yi a ɗinke, kuma ana yin sa a nan ƙasar, a Gaundare ma asibitin mishan ya daɗe yana karɓar mata masu ita.

To me ke faruwa? A ƙasan ƙashin ƙugu akwai shimfiɗar tsoka da ta taso daga ƙashin mara ta gaba har zuwa ƙarshen ƙashin baya. Ita ke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, kuma ta cikinta hanyar fitsari da gaba da dubura suka ratsa. Ki ɗauke ta kamar zanen goyo: in an ɗaura shi tamau yaro na zaune daram ko kina gudu, in ya saki kuwa kowane taku sai yaro ya zame ƙasa. Ciki huɗu sun zauna a kan wannan tsoka wata tara-tara. Kan yaro huɗu ya ratsa ta, na ƙarshen da girma, har aka yanka gefenta aka ɗinke. Jijiyoyin da ke kai mata saƙo daga ƙwaƙwalwa su ma sun sha ja. Idan kin yi tari, cikinki na danna mafitsara da ƙarfi cikin ƙiftawar ido, tsokar da ya kamata ta riga tarin matsewa ta yi rauni kuma ta yi nawa, shi ne fitsari ke kuɓucewa.

Kin ga ke nan abin da ya sa magungunan da kika sha ba su yi kome ba. Mu mata mun mai da sanyi jakar da ake zuba kowace cuta ta ƙasan cibiya. Ƙwayoyin cuta a mafitsara gaskiya ne, suna sa zafin fitsari da yawan zuwa bayi da ciwon mara, wani lokaci da zazzaɓi, kuma gwajin fitsari ke nuna su. Ki yi wannan gwajin sau ɗaya a asibiti. In ya fito babu kome, ki daina sayen ƙwayoyi a kasuwa, domin maganin kashe ƙwayar cuta ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi, illa dai ya sa ranar da kike bukatarsa da gaske ya ƙi yi miki aiki.

Kayan matsi kuwa, ki yi haƙuri, ina da magana a kansu. Bagaruwa da alimun da sauran abin da ake cusawa suna tsuke fatar ciki ne su busar da ita na 'yan sa'o'i, mace ta ji kamar an gyara. Tsokar tana can ƙarƙashin fata, ba su kai gare ta ba. Abin da suke bari shi ne bushewa da ƙaiƙayi da tsagewar fata, har su kashe ƙwayoyin kirki da ke tsare wurin, sai ainihin sanyin ya samu hanya. Ke da kike shayarwa ma da ma wurin ya fi bushewa, saboda sinadarin da ke jiƙa shi yana raguwa a lokacin shayarwa. Mai sayar da su ba za ta faɗa miki wannan ba, sana'arta ce. Ki tattara su ki zubar.

Ƙawarki ta yi miki gaskiya, ki riƙe ta. Aikin kine shi ne tsoka da gaɓa da jijiya ko'ina suke a jiki, kuma wannan ma tsoka ce irin ta hannu da ƙafa, wadda ake iya juyawa da gangan, ta ƙaru in an horar da ita. Ba sabon ilimi ba ne. Tun 1948 wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya wallafa yadda ake horar da ita bayan haihuwa, har yau da sunansa ake kiran atisayen. A Faransa abin ya zama ruwan dare: mace ta haihu, bayan mako shida zuwa takwas a rubuta mata zama goma wurin kine ko ungozoma, asusun lafiyar ƙasa ya biya. Mu da muka gaji tsarin asibitinsu mun ɗauki abubuwa da yawa muka bar wannan. Muna gasa mai jego da ruwan zafi kwana arba'in, mu cika ta da kunun kanwa, amma ba mai tambayar ta ko tana riƙe fitsari.

Ba kuma faɗa da fatar baki ba ne cewa yana aiki. A 2018 ƙungiyar Cochrane, masu tattara gwaje-gwajen likitanci su tace, sun haɗa bincike 31 da aka yi a kan mata 1,817. Cikin masu irin matsalarki, ta ɗigo lokacin tari ko ɗaga nauyi, mata 56 cikin 100 na waɗanda suka yi horon sun ce sun warke, a waɗanda ba su yi ba kuwa 6 kacal. Ban da waɗanda suka ce sun samu sauƙi ƙwarai ko da bai ɗauke duka ba. Shi ya sa hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce da shi za a fara kafin a yi zancen tiyata, a yi shi wata uku aƙalla, kuma a ƙarƙashin kulawar wanda ya iya. Ki lura da wata ukun nan. Yawancin masu cewa sun gwada bai yi ba, mako biyu suka yi suka gaji.

Za ki ce, in dai matsewa ce me zai kai ni asibiti in buɗe jikina, ba sai in yi a ɗaki ba? A nan gizo ke saƙar. Wannan tsoka ba a ganin ta, kuma mace da yawa in an ce ta matse sai ta matse cinya da ɗuwawu, ko ta riƙe numfashi ta yi nishi ƙasa kamar mai bayan gida. A wani bincike da aka yi a Amurka a 1991, an yi wa mata bayani da baki sannan aka auna abin da suka yi: kusan rabi ne suka yi daidai, kashi ɗaya cikin huɗu kuwa abin da suka yi zai iya ƙara musu zubar ne. Wata uku kina tura mahaifarki ƙasa kina zaton magani kike yi, wannan asara ce. Akwai kuma matan da tsokarsu ba sakewa ta yi ba, ɗaurewa ta yi ta ƙi saki, sau da yawa saboda ciwon ɗinki ko tsoron zafi. Su alamarsu zafi lokacin kwanciya da miji, ko fitsari da bayan gida su riƙa fita da ƙyar. Irin waɗannan in sun dage da matsewa ciwon ƙaruwa yake yi, abin da suke bukata a koya musu saki da numfashi, a tausasa tabon ɗinkin. Kin ce kina kauce wa maigida, ba ki faɗi ko kunyar fitsari ce ko zafi ba. Ki faɗa wa mai duba ki gaskiya, domin amsar ce za ta raba hanya.

Ga yadda za ki bi. Ki fara da ɓangaren mata da haihuwa a babban asibitin Garwa ko wanda kika haihu a ciki. Likita ya duba ki, ya rubuta miki takarda. Abin da ake rubutawa da Faransanci shi ne rééducation périnéale, ki riƙe sunan. Ba kowane kine ne ya ƙware a wannan fanni ba, saboda haka ki tambaya kai tsaye wa ke yin sa, kuma ki ce mace kike so. Haƙƙinki ne, ba rashin kunya ba ne. A zaman farko za ta yi miki tambayoyi masu yawa a kan haihuwa da fitsari da bayan gida da kwanciya. Sannan, da yardarki, ta sa safar hannu ta duba da yatsa, ta ce ki matse, ta ji ƙarfin tsokar da iya daƙiƙun da take riƙewa, da ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya rauni. Daga nan take tsara miki naki horon. Wasu wuraren suna da na'ura mai nuna matsewarki a allo, ki gani da idonki. Akwai kuma mai ɗan tsikarar tsokar da lantarki mara ƙarfi, ga wadda ba ta iya motsa ta ko kaɗan. Kada rashin na'ura ya karya miki gwiwa. Yatsan wadda ta san aikinta da naki nacin a gida su ne maganin, na'ura taimako ce kawai.

Kafin ki samu zuwa, ki fara a hankali. Ki zubar da fitsari, ki kwanta rigingine ki tanƙwara gwiwoyi. Ki matse dubura kamar iska za ta kuɓuce miki a cikin mutane kina hana ta, sannan ki kai matsewar gaba kamar mai tsai da fitsari, ki ji wurin ya tsuke ya ɗago ciki. Cinya da ɗuwawu su zauna lakwas, numfashi na tafiya, in kina iya magana kina yi to kin kama hanya. Ki riƙe daƙiƙa uku ko iya abin da kika iya, ki saki sarai, ki huta kwatankwacin haka ko fiye. Sakin da kansa rabin aikin ne. Ki yi sau takwas zuwa goma, ki biyo da gajeru masu sauri kamar goma. Sau uku a yini. Mafi sauƙi ki ɗaura shi da abin da ba ya wuce ki, bayan asuba, bayan azahar, bayan lisha, ko lokacin da auta ke shan nono. Mako-mako ki riƙa ƙara daƙiƙa har ki kai goma, in kwance ya yi sauƙi ki koma zaune, daga nan tsaye, tun da a tsaye fitsarin ke zubo miki. In kin ji abu na turowa waje maimakon ya shige, ko kin ji zafi, ki dakata sai an duba ki. Kada kuma ki mai da tsai da fitsari a bayi atisaye, yana hana mafitsara zubar da abin cikinta duka.

Akwai dabara ɗaya da za ki ga amfaninta tun kafin tsokar ta yi ƙarfi: ki riga tarin. Kin ji atishawa na tahowa, ko za ki ɗaga yaro, ko za ki sauko daga babur, ki matse tukuna ki riƙe har abin ya wuce. Da farko sai kin tuna, daga baya jiki ya karɓa da kansa.

Zancen ruwa kuwa, a nan zan yi miki faɗa. Mai shayarwa, a zafin Garwa da ke haura maki 40 a watan Maris da Afrilu, ki ce kin rage ruwa? Fitsarin da ya yi kauri yana fusata mafitsara, warinsa ya fi fita, ga bayan gida ya bushe, ga barazanar tsakuwar ƙoda. Ki sha ruwa a rarrabe cikin yini har fitsarinki ya yi fari-fari, ki sassauta in dare ya yi. Abin ragewa shi ne shayi mai kauri da kofi da goro da lemon kwalba baƙi, duk suna zaburar da mafitsara. Ki kuma yaƙi taurin bayan gida kamar yadda kike yaƙar ɗigon, domin nishin kullum a masai yana rushe abin da kika gina. Kuɓewa, kuka, zogale, yakuwa, tafasa, wake, gwanda, mangwaro, duk suna gabanki a kasuwa. Masanmu na tsuguno ma alheri ne a nan, tsuguno na miƙe hanyar bayan gida, ki dai ba shi lokaci ban da yunƙuri. Tarin da ya ƙi ƙarewa, na ƙurar hunturu ne ko na hayaƙin itace, a nemi maganinsa. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce cif. Ki raba ta biyu, ko ki bar wa samarin gidan, daka ma a kai inji na ɗan lokaci.

Nauyin da kike ji da yamma shi ne abin da ya sa ba na son ki tsaya a atisayen gida kaɗai. Yana iya zama bangon gaba ko mahaifa ne suka ɗan zazzago, shi ya sa ya fi damun ki bayan kin yini a tsaye, in kin kwanta ya lafa. In zazzagowar ba ta yi nisa ba, horon nan ɗin dai shi ne matakin farko, sai dai ana ba shi aƙalla mako 16, kuma yana rage nauyin da jin jan. In ta yi nisa akwai zobe na roba mai laushi da likita ke aunawa ya sa a ciki ya tallafe wurin, ana cire shi a wanke. Tiyata tana nan a ƙarshe, amma an fi son a jinkirta ta sai mace ta gama haihuwa, don sabon ciki na iya warware ɗinkin. In kuwa kin ga jini a fitsari, ko bayan gida na kuɓuce miki, ko fitsari ya ƙi fita, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi, wannan ba na jiran kine ba ne, ki ga likita a ranar. Jinin fitsari a yankinmu na bakin Binuwai da Lagdo sau da yawa tsargiya ce, tana da maganinta.

Game da alwala, ba ke ce farkon wadda ta kai wa malamai wannan tambaya ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid an ambaci mai ɗigon fitsari na lalura, aka ce an so ya yi alwala a kowace salla. Malaman Malikiyya sun duba yawan zuwansa: wanda ke zuwa rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala, mai zuwa jefi-jefi kuwa yana warwarewa, sai a sake. Sun kuma yi rangwame a kan abin da ya taɓa tufa in yana zuwa kullum. Ki kwatanta wa malamarku ta Islamiyya yadda naki yake ta faɗa miki inda kika faɗa. Wannan na nufin ki koma makarantar ke nan. Ki yi fitsari kafin ki fita, ki sa auduga ko tsumma mai tsabta, ki riƙe wani a jaka. Ina tabbatar miki a ajin nan ba ke kaɗai ba ce mai ƙunzugu ba don haila ba, kowa ta yi shiru ne tana zaton ita kaɗai ce.

Saura maigida. Wata tara kina kauce masa bai san dalili ba, kin san zuciya ba ta zama babu zato, kuma abin da zai zata ya fi gaskiyar muni. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki ce masa haihuwar auta ta bar miki rauni a ciki, likita ya ce a yi gashi na 'yan watanni, kina bukatar kuɗin zama da na abin hawa. Ɗansa ne ya ratsa wurin, ba wani abu kika jawo wa kanki ba. Kuɗin da ya tafi a maganin sanyi da matsi cikin watannin nan, in kin lissafa, ai da ya biya miki zama da dama. Kafin kwanciya ki zubar da fitsari, in bushewa na sa zafi ki sayi man da aka yi don haka a kantin magani. Ku kuma tattauna hutun haihuwa, ciki na biyar a kan tsokar da ba ta farfaɗo ba zai mai da ki baya. Ranar da Allah ya kawo wani cikin, ki yanki cek na lafiyar masu ciki, wanda ake saye sefa 6,000 a jihohin arewa uku, yana ɗaukar awo da haihuwa har kwana 42 bayanta. Ki ci gaba da atisayen da cikin, kuma a dubawar bayan arba'in ki buɗe baki ki ce a duba miki tsokar tun kafin a tambaye ki.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta sau nawa ya ɗigo a yini da abin da kike yi lokacin, ki tafi da shi wurin kine. Sauƙin yana shigowa a hankali ne, ba a cika lura da shi ba sai an waiwayi makon farko. In wata uku sun cika kina yi kullum yadda aka nuna miki amma lissafin bai sauka ba, ki koma wa likitan da littafin a hannu ya sake duba ki.

Goggonki